Yadda Ake Haɗa Littafin Yara na Kare Mai Wayo, Daga Labari Zuwa Maɗaba'a

Littafin yara mai hotuna ƙarami ne a hannu, amma aikinsa kashi-kashi ne: labari, rabon shafuka, zane, gwaji a gaban yara, sannan bugu. Idan kuma kare ne jarumin labarin, sai an ƙara lura, domin a gidajen Hausawa kare ba dabbar ɗaki ba ce, kuma iyaye ne ke fara buɗe littafi kafin ya kai hannun yaro. Bayanin nan ya shafi littafin 'yan shekara 5 zuwa 8, wato daga ajin ƙarshe na nazare zuwa aji uku na firamare.

Ka fara ba karen gida da aiki

Kafin ka rubuta jimla ko ɗaya, ka amsa wa kanka: karen nan na wane ne, ina yake kwana, mene ne aikinsa? Littattafan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sukan nuna kare kwance a gadon yaro, yana lasar fuskarsa, yana yawo a ɗakin girki. Idan ka kwaikwayi wannan, uwa za ta buɗe shafi biyu ta ajiye. Karen da mutanenmu suka sani mai aiki ne: na mafarauta, na makiyaya da ke bin garke, ko na gadin gona da garka. Hadisi ma waɗannan ayyuka uku ya ambata wajen halaccin ajiye kare: farauta, kiwo da tsaron shuka. Saboda haka ka sa shi ya kwana a bakin garke ko ƙarƙashin rumbu, da kaskon abincinsa daban. Yaro yana iya shafa bayansa, ya cire masa ƙaya, ya zuba masa ruwa, a shafi na gaba kuma a gan shi yana wanke hannu da buta ba tare da an tsaya wa'azi a kai ba.

Idan wani ya ce me ya haɗa yaran Musulmi da littafin kare, amsar tana kusa. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo yana shimfiɗe da ƙafafunsa na gaba a bakin ƙofa, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa sananne ne. Amma ka bar waɗannan a matsayin hujja, ko ɗan bayani a shafin iyaye. Kada ka cusa su cikin ƙagaggen labari, balle a zana su.

Suna: gajere, gaɓa biyu, mai daɗin kira da ƙarfi, kuma wanda ya fito daga kamannin karen, kamar Duna ga baƙin kare ko Guntu ga mai gajeriyar wutsiya. Kada ka kuskura ka ba shi sunan mutum, musamman sunayen annabawa da sahabbai. A aji mai yara arba'in ba a rasa mai sunan, kuma tsokanar da za ta biyo baya a kanka za ta dawo.

Wayon ya zama na kare

Nan ne yawancin masu farawa suke ɓata labari. Mun tashi da tatsuniyoyin Gizo da Dila, inda wayo yake nufin yaudara: a ruɗi Kura, a cinye rabon wani, a gudu. Wannan wayon ba ya zama da abota, domin wanda ya yaudari kowa ba shi da aboki. Wasu kuma sukan zarce ɗaya gefen, su sa kare ya karanta wasiƙa ko ya ƙirga kuɗi. Yaro zai yi dariya sau ɗaya, ba zai nemi a sake karanta masa ba.

Wayon da ke riƙe yaro shi ne wanda kare na gaske zai iya. Kayan aikinsa huɗu ne. Hanci: yana bin warin jikin mutum ko dabba bayan an daɗe da wucewa, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana wargaza wannan warin, abin da ke ba ka agogo a cikin labari, wato a gano abin da ya ɓace kafin hadari ya sauko. Kunne: yana jin ƙarar da ta yi wa mutum nisa ko siranta, don haka shi zai fara jin kukan ɗan akuya a can ƙasan kwazazzabo. Tuna hanya: yana komawa gida ta inda yaro ya rikice. Sai lura da mutane: yana bin inda aka nuna da hannu, yana gane muryar damuwa da ta wasa. An taɓa samun wata karya a Amurka mai suna Chaser da ta haddace sunayen kayan wasa sama da 1,000, saboda haka idan karenka ya san "zo", "zauna", "nemo" da sunayen awaki biyu, ba ka yi zuƙi-ta-malle ba.

Akwai kuma abin da ba ya iyawa. Kare yana rarrabe shuɗi da ruwan ɗorawa, amma ja da kore suna rikita shi. Kada ka sa ya zaɓo jar hula daga cikin koraye saboda launinta. Ka sa ya zaɓo ta saboda warin kan mai ita.

Sai ka yanke shawara ɗaya tun yanzu: karen zai yi magana ko ba zai yi ba? Idan zai yi, to tatsuniya ce, duk dabbobi su yi magana, kuma kana iya buɗewa da "Ga ta nan, ga ta nanku". Idan ba zai yi ba, kada ya buɗe baki a shafi na 20 don kawai ka rasa mafita. Hanya ta biyu ta fi wuya, amma ta fi armashi, domin yaro ne zai riƙa fassara abin da karen ke nufi, kuma ba abin da ke faranta wa ɗan shekara shida rai kamar ya gane abu kafin mutanen cikin labarin su gane.

Abota a aikace, kuma ta kowane ɓangare

Kada ka rubuta "Tanko da Duna abokai ne ƙwarai". Ka nuna Tanko ya tsuguna yana cire wa Duna ƙaya a dagi, Duna na nishi amma bai janye ƙafa ba. Dole kowa ya ba da wani abu. Idan kare ne kaɗai ke ceto daga farko har ƙarshe, bawa ka rubuta, ba aboki ba.

Labari yakan ƙara nauyi idan aka sa yaro na biyu da ke tsoron kare, ko wanda ya taɓa jifansa. Yara da yawa a cikin masu karatunka haka suke. Ga misalin ƙashin bayan labari: Tanko yana kiwon awakin kakarsa tare da Duna. Bala baƙo ne a unguwar, ya ga Duna ya tsorata ya jefe shi, suka ɓata da Tanko. Ran nan ɗan akuya ya tsinke igiya ya ɓace, ga hadari ya haɗo daga gabas. Duna ya shinshina guntun igiyar ya kama hanya. A bakin rafi sawu ya cakuɗe da na shanu. A gonar dawa sai ragowar igiya suka tarar. A karo na uku Duna ya tsaya cak a bakin wani rami, ga ɗan akuya a ciki. Duna ba shi da hannu, hannun Tanko bai kai ba, Bala ne mai doguwar igiyar guga. Ka ga an buƙaci duk su ukun, kuma ba sai wani ya ce "mu yafe wa juna" ba.

Abu biyu ke kashe irin wannan labarin. Na farko, babba ya zo ya warware matsalar. Kaka tana iya tarbarsu a ƙofa da fura, amma mafita ta yara ce da karensu. Na biyu, a kashe karen don a sa mai karatu kuka. Ga 'yan ƙasa da shekara takwas wannan ya yi nauyi, kuma littafin da ya sa yaro kuka da dare ba a sake ɗauko shi. Ka kuma kula ramin ya zama marar zurfi, kada ka nuna yaro yana shiga rijiya. Abin da yara suka gani a hoto suna gwadawa.

Littafin gwaji da rabon shafuka

Shafi 32 shi ne abin da aka saba, domin maɗaba'a tana buga shafuka takwas ko goma sha shida a babbar takarda ɗaya sannan a naɗe. Idan kuɗi bai kai ba, a yi 24 ko 16. Duk yadda aka yi, adadin ya rabu da huɗu, in ba haka ba za ka biya kuɗin fararen shafuka.

Ɗauki takardar A4 guda takwas, ka haɗa su ka ninka biyu, ka ɗinke tsakiya da zare. Ka sami littafin gwaji mai shafi 32. Sa lamba a kowane shafi da fensir. Shafi na 1 sunan littafi ne, na 2 bayanin haƙƙin mallaka da lambar littafi, na 3 sadaukarwa ko ƙaramin hoton karen. Labari ya fara daga 4 zuwa 29, wato buɗi goma sha uku, kowane buɗi shafi biyu masu kallon juna. Raba su haka: buɗi uku na gabatar da yara da kare da saɓanin da ke tsakani, buɗi ɗaya na ɓatan ɗan akuya, biyar na nema, biyu na tsananin wuya da mafita, biyu na komawa gida. Shafi na 30 da 31 na tambayoyi ne da bayanin iyaye, na 32 na kiyaye kai daga cizo.

Kalmomi 450 zuwa 550 sun isa duka labarin, kusan 35 zuwa 40 a kowane buɗi. Rubuta kowane kashi a 'yar takarda ka manna da abin da za a iya ɓarewa, domin za ka yi ta matsar da su. Babbar dabarar ita ce juya shafi: tambaya ta ƙare a shafin dama, amsa ta jira a bayansa. Idan ka sa "Me Duna ya gani?" a hagu, ga ɗan akuya a dama, yaro ya riga ya ga amsa kafin a karanta tambayar.

Harshen da yaro zai iya ɗauka

Jimla kada ta wuce kalma takwas, aiki ɗaya a jimla ɗaya. Ga yadda buɗi ɗaya zai iya kasancewa:

Duna ya shinshina igiya. Ya shinshina ƙasa. Ya ɗaga kunne ɗaya.
"Nemo, Duna, nemo!" in ji Tanko.
Fit! Duna ya yi gabas.

Wannan "Nemo, Duna, nemo!" amshi ne. Maimaita shi sau uku ko huɗu a wuri iri ɗaya, yara za su karɓe shi da kansu tun daga karo na biyu. Hausa tana da arzikin kalmomin amsa-kama, irin su fit, cak, tsit, wuf, tinjim, kuma su ne gishirin karatu a bayyane. Ɗaya a buɗi ya isa. Karin magana kuwa a taƙaita, ɗaya tak a bakin kaka, wadda hoto ya riga ya fassara ta. Kada rubutu ya maimaita abin da ke cikin hoto. Idan an zana baƙin kare mai farin ƙirji, ɓarnar kalmomi ce a sake faɗa.

Ka bi daidaitacciyar Hausa a rubutu ko da kana so a ji karin garinku a bakin wani. Haruffa masu ƙugiya, ɓ, ɗ da ƙ, wajibi ne, kuma a littafin kare kuskuren yana da muni, tunda ƙugiya kaɗai ta raba karya da ƙarya. Idan littafin zai shiga makarantun Nijar, ka tuna can ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, sai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ko ka yi bugu biyu.

Aiki da mai zane

Kada a fara da shafi na ɗaya. Mai zane ya fara kawo takarda guda mai ɗauke da karen a yanayi shida: ta gaba, ta gefe, a zaune, a kwance, a guje, da hanci a ƙasa. A ba shi alama ɗaya da ba ta canzawa, kamar farin tabo a ƙirji ko kunne ɗaya a karye. Ba tare da wannan takarda ba, karen shafi na 6 da na shafi na 22 za su fito kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba, kuma yara ne farkon masu ganewa. Ya zana karen da ake gani a ƙauyukanmu: siriri, gajeren gashi, tsayayyun kunnuwa, wutsiya a lanƙwashe. Idan labarin a arewacin Nijar yake, akwai dogon karen Azawak na Buzaye, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki.

Tunda karen ba ya magana, jikinsa ne bakinsa, don haka mai zane ya san wannan harshe. Wutsiya tsakanin ƙafafu da kunnuwa a kwance tsoro ne. Ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, gayyatar wasa ce. Harshe a waje yana haki zafi ne ko gajiya, ba dariya ba. Haƙora a waje da gashin baya a tsaye gargaɗi ne. Kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce, idan jiki ya sandare.

Sai zanen fensir na duk buɗi goma sha uku, ƙanana, a manna cikin littafin gwaji tare da rubutu. A nan ake gyara, kafin a sa launi. A bar fili mai haske inda rubutu zai zauna, kada a ɗora baƙin rubutu a kan baƙin hadari. Fuska ko hancin kare kada su faɗa tsakiyar littafi inda ake ɗinki. Tafiya ta nufi dama, inda ake juya shafi. A rubuta yarjejeniya: yawan hotuna har da bango, sau nawa za a yi gyara, wa ke da haƙƙin hotunan, da biyan kuɗi kashi uku, wato kafin farawa, bayan zanen fensir, da bayan miƙa aiki. Yawancin rigimar marubuci da mai zane daga rashin wannan takarda take tasowa.

Gwaji a gaban yara

Tara yara biyar zuwa takwas waɗanda ba 'ya'yanka ba. Wani ya karanta, kai ka koma gefe ka kalli fuskokinsu. Karatun kada ya wuce minti bakwai. Inda suka fara waige-waige, sa alama, wurin ya yi tsawo. Bayan an gama, kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce e don kunya. Ka ce wani ya maimaita labarin, ka tambayi yadda Duna ya gano ramin, da abin da ya sa Bala ya daina tsoro. Idan ba su iya faɗin yadda Duna ya gano ramin ba, wayon karen bai fito ba. Sannan ɗan aji biyu ya karanta da kansa. Kalmar da yara uku suka yi tuntuɓe a kanta, a canza ta. Daga nan a nuna wa iyaye biyu da malamin Islamiyya ɗaya, tun gyara yana da araha.

Shafin kiyaye cizo

Littafin da ya sa yaro son kare ya ɗauki nauyin koya masa hattara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan duk masu kamuwa da cutar haukan kare daga kare suke samunta, kuma kaso mai yawa na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shafi na 32 ya faɗa a taƙaice, da hotuna: kada a taɓa karen da ba a sani ba, ko mai cin abinci, ko mai barci, ko karya mai 'yan kwikwiyo. Kada a jefe shi, kada a ruga a gabansa, a tsaya cak. Idan ya yi cizo ko yaƙushi, a faɗa wa babba nan take, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan ba a tsira. Ga iyaye kuma: a yi wa kare allurar rigakafi tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, lokaci mai kyau na kai littafin makarantu.

Maɗaba'a

Girman santimita 21 a 21 yana da kyau ga karatu a aji. A5 ya fi araha amma na baya ba sa ganin hoto. Haruffa su kai maki 18 zuwa 20, da tazara mai yalwa tsakanin layuka. Samfurin haruffa na Andika kyauta ne, an yi shi don masu koyon karatu, kuma yana da duk haruffa masu ƙugiya. Hotuna su kasance dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a tsarin launi na CMYK na tawadar bugu, ba RGB na fuskar kwamfuta ba, in ba haka ba shuɗin sama zai fito a dushe. Duk hoton da ya kai bakin shafi a ƙara masa rarar milimita 3 ta kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci gefe da aƙalla santimita ɗaya. Rubutu ya zama baƙi zalla, ba haɗin launi huɗu ba, don kada ya yi inuwa idan injin ya ɗan goce. A miƙa aikin a PDF da haruffan a kulle a ciki. Idan ba a kulle ba, kwamfutar maɗaba'a za ta musanya su, ƙ da ɗ su koma akwatuna.

Takardar ciki giram 130 zuwa 150, bango giram 250 zuwa 300 da lamineshan, ɗinkin waya biyu a tsakiya. Takarda marar sheƙi ta fi sauƙin karatu a hasken fitila. Kofe ɗari ko ƙasa da haka, bugun dijital ya fi. Daga ɗari biyar zuwa sama, babban injin ofset ya fi sauƙin kuɗi a kan kowane kofe. Ko a Kano za a buga, ko Kaduna, Zariya ko Shomolu ta Legas, kada ka yarda a ci gaba sai ka riƙe kofe ɗaya na gwaji ka duba jerin shafuka, launin karen da kowace ƙugiya, ka sa hannu.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lambobi 13, a Najeriya daga Laburaren Ƙasa ake samunta, kuma a neme ta kafin bugu don ta shiga shafi na 2 da bayan bango. Bayan bugu, doka ta ce mai wallafa mai zaman kansa ya kai musu kofe uku. Sauran a ɗaure su ashirin-ashirin cikin leda, a ɗora kan katako nesa da ƙasa da bango, saboda laimar damina tana manne shafuka masu sheƙi, gara kuma takan fara cin kwali ta ƙasa inda ba a gani.